Waiwaye: Yadda guba ta bar hannun mai magani ta shiga kwalba a Indiya

Muhawara kan magungunan Ayurveda, wato likitancin gargajiya na Indiya, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Likitocin asibiti a Indiya na ba da rahoton mutanen da bugun zuciyarsu ya rikice ko hantarsu ta taɓu bayan shan ƙwayoyin gargajiya, masu kare Ayurveda kuwa na cewa iyaye da kakanni sun sha lafiya lau. Wutar ta ƙara ruruwa a 2004, da wani bincike a Boston ta Amurka ya gano dalma ko zaiba ko arsenik a magunguna 14 cikin 70 da aka saya a shaguna. Amma batun ya girmi binciken nesa ba kusa ba.

Tsoffin littattafan ba su taɓa ɓoye gubar ba. Charaka Samhita, mai kusan shekara 2,000, ya ce guba mai ƙarfi kan zama magani idan an san sarrafa ta, magani kuma kan zama guba idan ba a sani ba. Daga baya ilimin rasashastra ya zo yana haɗa zaiba da farar wuta da tsirrai masu dafi: saiwar vatsanabha ta duwatsun Himalaya, ƙwayar kuchla, har da zaƙami da tumfafiya da idon zakara, waɗanda mu ma mun san sharrinsu.

Sharaɗin shi ne tsarkakewa, wato shodhana. Ana yayyanka saiwar vatsanabha a jiƙa ta kwanaki cikin fitsarin saniya, sannan a dafa cikin madara. Kuchla kuma a ɓare ta, a dafa, a soya da man shanu. Ba camfi ba ne zalla, domin dafuwa na karya sinadarin akonitin, wato gubar da ke cikin vatsanabha, ya koma mai sauƙin dafi. Rage gubar yake yi dai, ba ya kawar da ita.

Inda ba a cika waiwayawa ba shi ne ƙarshen ƙarni na 19. Kafin lokacin, mai magani, wato vaidya, shi ke haɗa maganin da hannunsa ko a gaban idonsa. Ya ga majinyacin, ya taɓa jijiyarsa, ya san ko yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu. Awon vatsanabha bai kai nauyin ƙwayar idon zakara ɗaya ba, ɗan ɓangarenta ne kawai, kuma shi zai ce da zuma za a sha ko da madara, da ranar da za a daina. Da magungunan Turawa na kwalba suka cika kasuwa a zamanin mulkin mallakar Ingila, sai masu Ayurveda a Kalkata da wasu garuruwa suka buɗe masana'antu domin kada a binne sana'arsu. Suka shiga talla a jaridu, suna aika magani ta gidan waya ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Niyyar ta ceto ce, kuma ta ceci sana'ar. Sai dai a ganina nan igiyar ta tsinke: maganin ya kama hanya, mutumin da ya san awo ya tsaya a gida. Aikin tsarkakewa mai cin kwanaki ya zama kuɗin da mai gaggawar riba zai iya ragewa, mai saye kuma ba shi da hanyar ganewa, tunda ƙwayar da aka tsarkake da wadda aka yi wa sama-sama kamarsu ɗaya.

Doka ta biyo baya. A 1964 aka shigar da magungunan Ayurveda cikin dokar magunguna ta Indiya ta 1940, kuma akwai jerin abubuwa masu guba da dole a rubuta a jikin kwalbarsu cewa sai da kulawar likita. Yanzu intanet ta ƙara nisan da gidan waya ya fara. Wani bincike na 2008 kan magunguna 193 da aka saya ta intanet ya sami ƙarafa masu guba a kusan ɗaya cikin biyar, a haɗin rasashastra kuwa kusan biyu cikin biyar.