Waiwaye: Yadda Batun Cin Zarafin Sojoji a Amurka Ya Gangaro Daga Bariki Zuwa Majalisun Jihohi

Har yanzu ana ta ka-ce-na-ce a majalisun dokokin jihohin Amurka kan abin da ya kamata jiha ta yi wa sojoji da 'yan mazan jiya da aka yi wa fyaɗe, ko aka matsa musu da neman lalata, lokacin da suke cikin kaki. Wani ƙudurin na neman a ware ranar wayar da kai, wani na neman a horar da ma'aikatan da ke cika wa tsofaffin sojoji takardu. Masu suka na cewa harkar soja ta gwamnatin tarayya ce, jiha ba ta da hurumi, kuma ranar tunawa ba ta saya wa kowa magani. Masu goyon baya na cewa wanda bai san haƙƙinsa ba, ba zai nema ba. Wanda ya tsinci muhawarar a tsakiya zai ɗauka ta faro ne a 2020, bayan kisan Vanessa Guillén, matashiyar sojar da ke aiki a barikin Fort Hood na jihar Teksas. Alhali maganar ta haura shekara talatin tana tafe.

Farkon labarin sananne ne. A watan Satumba na 1991, a taron shekara-shekara na matuƙa jiragen saman yaƙi na rundunar sojan ruwa da ake kira Tailhook a Las Vegas, an ci zarafin mata 83 da maza 7, kamar yadda binciken hukuma ya nuna daga baya. A 1992 Majalisar Dokokin Amurka ta ba ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, damar yi wa matan da abin ya shafa jinyar ƙwaƙwalwa, a 1994 aka sa maza a ciki, a 2004 aka mai da shirin na dindindin. A tsakani an ji labarin irin wannan cin zarafi a sansanin horo na Aberdeen a 1996, da kwalejin sojan sama a 2003. Daga nan ne taƙaitaccen sunan MST, wato cin zarafin lalata da aka yi wa soja lokacin aiki, ya kama baki. A yau duk tsohon sojan da ya je asibitin VA sai an tambaye shi ko ya taɓa fuskantar haka, kuma kusan mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin hamsin ne ke amsawa da e.

Sai dai akwai ƙofofi biyu da mutane ke yawan cuɗawa. Ta farko ita ce jinya. Kyauta ce, ba a neman shaida, ba a tambayar ko ka kai ƙara a lokacin, kuma kowane babban asibitin VA yana da jami'in da aikinsa ke nan. Ta biyu ita ce diyyar nakasa, kuɗin da ake biya wata-wata gwargwadon yadda ciwon ya hana mutum aiki da zama da jama'a, a matakan kashi 0, 10, 30, 50, 70 ko 100 cikin ɗari. A wannan ƙofar ta biyu ne gizo ke saƙar, domin ita sai da hujja.

Dokar diyya kan ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD, tana neman abu uku: likita ya tabbatar da ciwon, likita ya alaƙanta ciwon da wani abu da ya faru lokacin aiki, sannan a kawo gamsasshiyar hujja cewa abin ya faru da gaske. An gina wannan tsari ne da fagen fama a zuciya. Sojan da ya yi yaƙi, bakinsa kaɗai kan isa shaida muddin abin da ya faɗa ya dace da inda aka tura shi. Wanda aka yi wa fyaɗe a ɗakin kwana fa? Babu rahoton artabu, babu lambar yabo ta rauni, sau da yawa babu ko layi ɗaya a fayil, domin mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba sa kai ƙara. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: kunya, tsoron ramuwa, tsoron a hukunta mutum kan wani ƙaramin laifi da ya zo tare da lamarin kamar shan giya ba bisa ƙa'ida ba, da kuma ganin cewa wanda za a kai wa ƙarar shi ne ke rubuta rahoton ƙarin girma. Shirun da ya ceci aikin mutum yana ɗan shekara ashirin, shi ne ke kayar da takardar diyyarsa yana ɗan hamsin.

A nan ne aka yi wani sauyi da ba a cika ambatonsa ba, domin ba a zauren majalisa aka yi shi ba, kuma babu kyamara a wurin. A watan Maris na 2002 aka ƙara sakin layi guda a ƙa'idojin diyya, a sashe na 3.304, wanda yanzu yake ƙaramin sashe na (f)(5). Ya ce idan ciwon ya samo asali daga cin zarafin da aka yi wa mutum lokacin aiki, ana iya karɓar hujja daga wajen fayil ɗin soja. Ya ma lissafa misalai: takardun 'yan sanda, na cibiyoyin taimakon waɗanda aka yi wa fyaɗe, na asibiti ko likita mai zaman kansa, gwajin ciki, gwajin cututtukan sanyi, da bayanin 'yan uwa, abokan ɗaki, abokan aiki ko malaman addini.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amincewa da sauyin hali a matsayin hujja. Neman canjin wurin aiki ba zato ba tsammani, lalacewar ƙwazo, faɗawa shaye-shaye, baƙin ciki ko firgita da ba a san dalilinsu ba, rikicewar harkar kuɗi ko ta zamantakewa, duk ƙa'idar ta ce ana iya karanta su a matsayin alamu. A ɗauki fayil ɗin sojar da rahoton shugabanninta na shekara biyu ke cewa ba ta da na biyu. Sai a watan Yuni ta je asibitin bariki da ciwon mara, aka yi mata gwajin ciki. A Yuli ta nemi a ɗauke ta daga aikin dare. A Satumba aka rubuta mata gargaɗin makara har sau uku, kafin ƙarshen shekara ta nemi a mai da ita wani sansani. Babu inda kalmar fyaɗe ta fito. Ba tare da irin wannan ƙa'ida ba, da wuya mai duba fayil ya ga wani abu a nan in ban da soja mai sakaci. Da ita kuwa, jerin kwanakin nan kansu hujja ne, kuma ana iya miƙa su ga likitan ƙwaƙwalwa ya faɗi ko sun yi kama da na wanda aka ci zarafinsa.

Sakin layin ya kuma ɗora wani sharaɗi: ba za a yi watsi da irin wannan buƙata ba sai an fara sanar da mai nema cewa yana da damar kawo waɗannan hujjoji, an kuma ba shi lokacin nemo su. A ganina daga nan ne duk wata maganar wayar da kai ta samo ma'anarta. Ƙa'idar ta buɗe hanya, amma nauyin tono alamun ya fi komawa kan mai nema. Wasiƙar da ya rubuta wa yayarsa daga bariki, rasit ɗin asibitin gari, tsohon abokin ɗaki da ya ga ya daina barci, babu wanda ya san da su sai shi. In bai san suna da amfani ba, ba zai ambace su ba.

Inda takardu suka fi lalacewa ma nan ne. Mutum ya cika fom mai lamba 21-0781 ya ba da labarin abin da ya faru dalla-dalla, amma ya bar abin da ya biyo baya, alhali shi ne ake iya tantancewa. Ko ya kasa faɗin ko da watan da wurin, sai neman takardu ya gagara. Ko shaidar ɗan uwa ta tsaya a "na yarda da ita", maimakon ta faɗi abin da ido ya gani: ta dawo hutu a rame, ta daina shiga taro, tana kulle ƙofa da rana tsaka. Asibitocin farar hula kuma ba sa ajiye takardu har abada, don haka jinkiri na cinye hujja. Wanda aka ƙi buƙatarsa yana da shekara guda ya nemi a sake dubawa ba tare da ya rasa ranar farko ta biyansa ba, kuma yana iya dawowa da sabuwar hujja ta fom 20-0995.

Abubuwan da suka biyo baya sun riƙa zagaya wannan sakin layi ne. A 2005 aka ƙirƙiro rahoton sirri, inda soja zai sami jinya ba tare da an buɗe bincike ba, daga baya aka wajabta ajiye takardar rahoton, fom DD 2910, har shekara 50. A 2010 aka sassauta hujja ga waɗanda tsoron harin abokan gaba ya jawo musu ciwon, amma sassaucin bai haɗa da MST ba. A 2013 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa rashin kai ƙara a lokacin ba hujja ba ce cewa abin bai faru ba. A shekarar ce kuma majalisar wakilai ta amince da wani ƙuduri mai neman ƙarin sassauci, wanda aka sa wa sunan Ruth Moore, tsohuwar sojar ruwa da aka ci zarafinta lokacin aiki, sai dai bai zama doka ba. Gyaran da ya fi jan hankali, wato cire shawarar gurfanarwa daga hannun kwamandoji zuwa lauyoyi na musamman, an sa masa hannu a Disamban 2021, ya fara aiki a Disamban 2023. Amma wannan na hukunta mai laifi ne, bai taɓa batun hujjar tsohon soja ba. Ƙiyasin ma'aikatar tsaro ya nuna sojoji kusan 35,900 ne abin ya shafa a 2021, kusan 29,000 a 2023, kuma mafi yawansu ba su kai rahoto ba.

To ina jihohi suka shigo? Ta hanya biyu. Ta farko ita ce dakarun National Guard, waɗanda a mafi yawan lokaci suna ƙarƙashin gwamnan jiha ne, kuma dokar sojan tarayya ba ta hawa kansu sai an kira su aikin ƙasa. Shi ya sa Kalifoniya ta yi doka a 2014 da ta miƙa shari'o'in fyaɗe na dakarunta ga masu gabatar da ƙara na farar hula, Teksas kuma ta yi tata a 2021 da sunan Vanessa Guillén, wadda ta samar da jami'in karɓar ƙorafi a wajen jerin shugabanni. Ko a matakin tarayya, sai a 2014 aka shigar da waɗanda aka ci zarafinsu lokacin atisayen ƙarshen mako cikin masu cin gajiyar jinyar VA.

Ta biyu ita ce takardar sallama, DD-214. Alamun nan da ƙa'idar 2002 ta ce hujja ne, makara da shaye-shaye da gudun aiki, su ne kuma ke sa a sallami soja da takardar da ba ta girmamawa ba, wadda ke toshe masa tallafin karatu da sauran haƙƙoƙi. A 2017 aka umarci kwamitocin sake duba sallama su riƙa sassautawa idan akwai batun MST, amma sai mutum ya nema da kansa, ta fom DD 293 in bai wuce shekara 15 ba, ko DD 149 in ya wuce. Jihar Konetikat a 2018, sannan Niyok a 2019, ba su jira wannan doguwar hanya ba. Sun ce mai irin wannan takarda zai iya neman tallafin jiha idan ya bayyana wa ma'aikacin lafiya mai lasisi cewa an ci zarafinsa. Kalifoniya kuma ta sa cin zarafin cikin dalilan da alƙali zai duba ya tura tsohon soja jinya maimakon kurkuku. Waɗannan dokoki ba su sauya ko harafi ɗaya a DD-214 ba, kuma ba su ƙara wa kowa ko dala ɗaya ta diyyar tarayya ba. Wannan har yanzu sai an bi ta sashe na 3.304, kuma sau da yawa wanda ke zama da tsohon soja ya taya shi jera kwanakin, ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, wanda horar da shi da albashinsa ke hannun majalisun da ke wannan muhawara.