Me ake nufi da "agogon jiki"? Da abin da ya haɗa shi da bacci da homon

Yanzu in dai ana maganar rashin bacci ko aikin dare ko danna waya a kan gado, sai ka ji an ce "ai agogon jikinka ne ya rikice". Da yawa sun ɗauka salon magana ne kawai, to gaskiya ba haka ba ne, agogon nan akwai shi, yana da mazauni a cikin ƙwaƙwalwa, har kimanta yawan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi an yi.

A bakin masu bincike sunan abin sakediyan. Wani likita ne mai suna Franz Halberg na jami'ar Minnesota a Amurka ya ƙirƙiro kalmar a 1959, ya haɗa kalmomin Latin biyu, circa wato kusan, da dies wato yini. Mu da muke da kalmar kwana mai haɗa dare da rana abin ma ya fi mana sauƙi, ma'anar dai "kusan kwana ɗaya". Duk abin da yake hawa ya sauka a jiki ya dawo inda ya taso cikin kimanin awa 24, zafin jiki ne, hawan jini ne, bacci ne, homon ne, shi ake nufi, amma da sharaɗin daga cikin jikin yake fitowa, ko an rufe ka a ɗakin da babu taga babu agogo zai ci gaba da zagayensa. Tun 1729 wani masani Bafaranshe, de Mairan, ya sa tsiron nan mai naɗe ganye in an taɓa shi a cikin duhu, ya ga duk da haka yana buɗe ganye da rana ya rufe da dare, alhali bai ga rana ba.

Wannan "kusan" ɗin fa shi ne inda maganar take. A 1999 Charles Czeisler da abokan aikinsa a jami'ar Harvard sun auna, suka samu agogon mutum a matsakaici awa 24 ne da minti 11. Ka ga kenan kullum yana ɗan yin latti, dole a riƙa saita shi, kuma abin da ke saita shi haske ne. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ba ruwansu da ganin hoto, aikinsu auna haske kawai, sun kuma fi jin haske mai shuɗi, su ke aika saƙo zuwa wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000 a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna. Shi ne uban agogon. Shi ya sa makafin da ba sa ganin haske kwata-kwata da yawansu baccinsu ke ta zamewa gaba kullum, sai a kai lokacin da bacci ke zuwar musu da rana tsaka, daga baya ya zagayo dare.

To ina homon ya shigo? Homon dai sinadarai ne da jiki ke zubawa a jini su kai saƙo wani sashe, kuma da su agogon yake sanar da sauran jiki ƙarfe nawa. Wanda aka fi sani melatonin, wanda wani likitan fata Aaron Lerner ya gano a jami'ar Yale a 1958. Yana fara tasowa kamar awa 2 kafin lokacin da ka saba kwanciya, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi. Amma mutane na yi masa kallon maganin bacci, ba haka yake ba, shi shela yake yi cewa dare ya yi, domin ko ɓera da ke yawonsa da dare shi ma da daren melatonin ɗinsa ke hawa. Kotizol kuma, wato homon da ke taimaka wa jiki ya farka ya kuma jure wahala, akasin haka yake, wajen tsakar dare yana can ƙasa, kafin asuba ya fara hawa, ya kai ƙololuwa minti 30 zuwa 45 bayan ka farka, shi ya sa likita zai ce da safe za a ɗebi jinin gwajinsa, sakamakon safe da na yamma ba ɗaya ba ne. Homon da ke sa jiki girma shi kuma ya fi bin baccin kansa, a bacci mai nauyi na farkon dare ya fi zuba.

Wadda aikinta ya fi tsaya mini a rai a wannan fagen ita ce Eve Van Cauter ta jami'ar Chicago. A 1999 ita da abokan aikinta sun ɗauki samari 11 lafiyayyu suka taƙaita musu kwanciya zuwa awa 4 har dare 6, sai aka ga jikinsu na jinkirin kwashe suga daga jini da kusan kashi 40 cikin 100, kotizol ɗinsu kuma da ya kamata ya sauka da yamma ya ƙi sauka yadda ya saba. Samari fa, ba tsofaffi ba, kuma ko sati ba a cika ba. A 2004 suka sake da maza 12, dare 2 kacal na awa 4, leftin wato homon da ke ce maka ka ƙoshi ya ragu da kashi 18, girelin mai tada yunwa ya ƙaru da kashi 28, kuma kayan zaƙi da masu sitaci suka fi kwaɗayi. A 2011 kuma aka ga sati ɗaya na baccin awa 5 ya rage wa samari homon na maza da kashi 10 zuwa 15. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, wannan gaskiya ne, amma aikin nan na cikin abin da ya sa likitoci suka fara haɗa maganar bacci da ƙiba da ciwon suga, suka daina kallonsa a matsayin hutu kawai.

Kuma agogon ba ɗaya ba ne. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun ci kyautar Nobel ta 2017 saboda bincikensu a kan ƙudan 'ya'yan itace, sun nuna akwai wani furotin da ke taruwa a cikin ƙwayar halitta da dare, in ya yi yawa sai ya kashe injin da ke yin sa, da rana ya narke a sake sabon zagaye. Kusan kowace ƙwaya a jikinka na da irin wannan, hanta ma na da nata, ita kuma lokacin cin abinci ta fi bi.

Nan ne nake tausayin masu aikin dare, nas da direba da mai gadi da ma'aikacin masana'anta. Mutum zai kwana ido biyu, gajiya ta taru, ya dawo da safe ya kwanta, amma daidai lokacin agogon ƙwaƙwalwa ya ga rana ya tada kotizol, zafin jiki na hawa, sai ya yi awa 4 ko 5 ya farka ba tare da ya ƙoshi ba, ga shi ya ci abinci ƙarfe 2 na dare lokacin da jiki bai shirya karɓar suga sosai ba, ƙwaƙwalwa na bin rana hanta na bin abinci. Wannan saɓanin shi ake nufi in an ce agogo ya rikice, kuma ba ƙaramin abu ba ne, hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon daji a 2007, ta sake nanatawa a 2019. Mai yiwuwa suka ce, ba tabbas ba, amma ni a ganina ya isa a riƙa tsara wa mutanen nan duti da tausayi.

Haka ma matasa, da balaga agogonsu ke matsawa baya, melatonin ɗinsu ya riƙa makara, don haka yaron da bacci ba ya ɗaukarsa da wuri kuma tashin safe ke masa wuya ba lallai lalaci ba ne. Ana iya jan agogon, hasken safe na jawo shi gaba, hasken dare na tura shi baya, sai dai ba ya tsalle, abin da yake iya matsawa a kwana ɗaya kamar awa ɗaya ne zuwa biyu. Shi ya sa wanda ya tashi a jirgi daga Ingila zuwa Japan, inda bambancin ya kai awa 8 zuwa 9, sai ya yi kusan sati kafin baccinsa da yunwarsa su koma kan lokacin garin.