PPSSPP: Manhajar Buga Wasannin PSP a Kwamfuta da Waya

PPSSPP manhaja ce ta kyauta da ke sa kwamfuta ko waya ta yi aikin PlayStation Portable, ƙaramar na'urar wasa ta hannu da kamfanin Sony ya ƙera, wadda aka fi sani da PSP. Irin wannan manhaja ana ce mata emuleta, wato makwaikwayiya. Tana kwaikwayon wata na'ura ne har wasan da aka rubuta domin waccan na'urar ya tashi bai san an sauya masa gida ba. Henrik Rydgård, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya kafa ta, kuma ta fito bainar jama'a ranar 1 ga Nuwamba, 2012. Kafin nan yana cikin waɗanda suka assasa Dolphin, makwaikwayiyar na'urorin GameCube da Wii na kamfanin Nintendo. Haruffan sunan an tsamo su daga Turancin "PlayStation Portable Simulator Suitable for Playing Portably", ma'ana makwaikwayiyar PSP da ta dace da wasan tafi-da-gidanka.

A Sakkwato sunan manhajar ya kusa binne sunan na'urar. Matashi zai ce wa abokinsa ya tura masa "gem ɗin PPSSPP", alhali wasan na PSP ne, kuma mai yiwuwa bai taɓa riƙe PSP a hannunsa ba.

Na'urar da ake kwaikwayo

Sony ya fitar da PSP a Japan ranar 12 ga Disamba, 2004, sannan a Amurka a watan Maris na 2005, Turai kuma a watan Satumba na shekarar. Girman allonta inci 4.3 ne, mai ɗigon hoto 480 a kwance da 272 a tsaye. Ƙwaƙwalwarta irin ƙirar MIPS ce mai gudun da bai wuce megahaz 333 ba, ram ɗinta kuma megabait 32 a samfurin farko, aka ninka shi zuwa 64 a samfuran da suka biyo baya. Wasannin suna zuwa a wani ɗan faifai cikin kwanson roba mai suna UMD, wanda ke ɗaukar gigabait 1.8. An sayar da fiye da miliyan 80 kafin a daina fitar da ita a 2014. Tun daga lokacin batura ke kumbura, na'urar karanta faifai ke mutuwa, sabbi kuwa babu. Da ba don makwaikwayiya ba, ɗaruruwan wasanni da sun bi na'urar zuwa kabari.

Yadda take aiki

Wasan PSP an rubuta shi da yaren ƙwaƙwalwar MIPS. Kwamfutocin yau galibi yaren x86 suke ji, wayoyi kuma ARM. Aikin farko na PPSSPP tafinta ne. Tafinta iri biyu ne: akwai mai fassara umarni ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka maimaita magana sai ya sake fassarawa, wannan yana da nauyin jiki. Akwai kuma mai ɗaukar tarin umarni ya fassara shi gaba ɗaya yayin da wasa ke gudana, ya ajiye fassarar, in an dawo wurin sai kawai ya miƙo ta. Wannan na biyun shi masana ke kira JIT, kuma shi ne babban dalilin da ya sa tsohuwar laftof ko waya mai sauƙin kuɗi ke iya ɗaukar wasan da ake zaton ya fi ƙarfinta.

Dabara ta biyu ta fi wannan burgewa. Makwaikwayiyoyi da yawa ba sa tashi sai an kwafo musu manhajar asali da ke cikin na'urar, wadda mallakin kamfani ce. PPSSPP ba ta buƙatar haka. Maginanta sun zauna sun lura da yadda tsarin PSP ke amsa buƙatun wasa, kamar buɗe fayil, kunna sauti ko ajiye inda mutum ya tsaya, suka rubuta nasu amsoshin daga tushe. Aiki ne na haƙuri, domin kowane wasa da halinsa, kuma kuskure ƙanƙani kan sa hoto ya baƙe ko sauti ya sarƙe. Amma ribarsa biyu: manhajar ta yi sauƙi, sannan babu rubutun Sony a cikinta.

Wajen zana hoto tana amfani da tsare-tsaren zane na kwamfuta irin su OpenGL ko Vulkan, ko Direct3D a kan Windows. A nan ne take zarce na'urar asali. In aka ninka hoton PSP sau huɗu ana samun ɗigo 1920 da 1088, kusan daidai da allon talabijin na zamani, don haka wasan God of War: Chains of Olympus na 2008 yakan fito tas fiye da yadda masu PSP suka gan shi a zamaninsa. Ana iya daskarar da wasa a kowane lokaci a ajiye shi, a ci gaba gobe daga daidai wurin. Ana iya haɗa fad, wato abin sarrafa wasa da ake riƙewa a hannu, ko a yi da madannan kwamfuta. Akwai kuma saitin tsallake wasu hotuna domin na'ura mai rauni.

Buɗaɗɗen gini

An rubuta mafi yawan PPSSPP da yaren C++, kuma rubutun da aka gina ta da shi duka yana shafin GitHub, inda magina manhajoji ke ajiye aikinsu, ƙarƙashin lasisin GPL bugu na 2 ko na gaba da shi. Sharaɗin lasisin a fili yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba, amma wanda ya rarraba gyararren sai ya bar nasa rubutun a buɗe kamar yadda ya same shi. Wannan ne ya ba masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban damar kai ta Windows, Linux, macOS, Android da iOS. Ta shiga kantin manhajojin Apple a watan Mayu na 2024, bayan kamfanin ya sassauta dokarsa kan makwaikwayiyoyi a watan Afrilu. Akwai PPSSPP Gold da ake saya, mai tambarin ruwan zinariya. Ba ta fi ta kyautar gudu ba. Sayen ta hanya ce ta tallafa wa aikin. Yana da kyau a san haka, don ana yawan ruɗar mutane da cewa mai zinariyar ce ba ta sarƙewa.

Ga ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wannan rubutu makaranta ce da ba a biyan kuɗinta. Abin da ake karantawa a aji game da ƙwaƙwalwar na'ura da rabon ma'adana ga shi nan a aikace, an rubuta shi domin ainihin masu amfani miliyoyi. Kalmomin da ke fuskar manhajar ma suna cikin fayilolin rubutu masu sauƙi, harshe-harshe, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son yi wa harshensa hidima.

A Sakkwato

Abin da ya ba PPSSPP farin jini a nan bai wuce uku ba: kyauta ce, ba ta neman intanet bayan an saukar da ita, kuma ba ta raina na'ura. Fayilolin wasa, masu ƙarewa da ISO ko CSO wanda aka matse, suna yawo daga hannu zuwa hannu ta filash, katin memori ko Xender, tsakanin ɗalibai a ɗakunan kwana da shagunan cajin waya. Tekken 6 da Grand Theft Auto: Vice City Stories suna da masoya, amma ƙwallo ita ce sarki.

A nan akwai abin da ya kamata a fayyace. Wasan ƙwallo na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP shi ne PES 2014, na kamfanin EA kuma FIFA 14. Duk wani "sabon" wasan ƙwallo na PPSSPP mai ɗauke da shekarar bana tsohon gini ne aka yi wa fenti. Masu sha'awa ne ke sauya riguna, fuskoki da sunayen 'yan wasa, suna amfani da damar da manhajar ta bayar ta maye gurbin zanen asali da sabo. Shi ya sa irin waɗannan wasanni ke zuwa da jakunkuna na musamman da ake zubawa a ma'ajiyan manhajar masu suna TEXTURES da SAVEDATA, in aka kuskure mazauninsu sai tsoffin 'yan wasa su bayyana. Aikin hannu ne mai ban sha'awa, sai dai ba na kamfani ba ne, kuma shafukan da ke raba shi ba duka ke da amana ba.

Yanayin garin ma yana da ta cewa. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfuta da waya sukan rage gudunsu da kansu don kada su ƙone. Wasan da ke tafiya lafiya da asuba sai ya riƙa jan ƙafa da azahar, mai shi ya ɗora wa manhaja laifi. Maganin shi ne a rage ninkin hoto zuwa ɗaya ko biyu, a ɗaga laftof daga katifa iska ta ratsa ta, sannan a fitar da ƙurar hunturu da ta toshe fankarta.

Matsayinta a doka

PPSSPP ba ta zuwa da wasa ko guda. A Amurka, shari'ar Sony da kamfanin Connectix ta shekarar 2000 ta nuna cewa nazarin na'ura domin gina makwaikwayiyarta bai saɓa wa haƙƙin mallaka ba. Wasannin kuwa dukiyar masu su ce, kuma hanyar da maginan PPSSPP suka amince da ita ita ce mutum ya kwafi faifan da ya saya da kuɗinsa. A Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare manhajojin kwamfuta. A watan Maris na 2024 masu Yuzu, makwaikwayiyar Nintendo Switch, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 suka rufe aikin, Citra ta na'urar 3DS ta tafi tare da ita. Ƙarar ta ta'allaƙa ne kan karya makullin tsaron wasannin na'urar da ke kasuwa a lokacin. PPSSPP, wadda ke kwaikwayon na'urar da aka daina ƙerawa shekara goma kafin nan, ta ci gaba da fitar da sabbin bugu.