Me ya sa ɗan sanda a Kalifoniya yake rubuta launin fatarka in ya tare ka?

Wanda duk yake da ɗan'uwa baƙar fata da ke tuƙi a Amurka ya san wannan ƙorafin, wai 'yan sanda sun fi tare mu a kan titi fiye da turawa, su kuma 'yan sandan su ce a'a, mu laifi muke bi ba fata ba. An daɗe ana wannan ja-in-ja ba mai hujja a hannu, shi ne wasu jihohi suka ce to a daina musu da fatar baki, a riƙa rubutawa. Jihar Karolina ta Arewa ce ta fara tun 1999, amma dokar da na fi so mu duba ita ce ta Kalifoniya don ta fi shiga lungu da saƙo.

Sunanta RIPA a taƙaice, wato dokar hana 'yan sanda ware mutum saboda launin fatarsa ko asalinsa, lambarta AB 953, wata 'yar majalisa baƙar fata Shirley Weber ce ta kawo ta, gwamna Jerry Brown ya sa hannu a 2015. Abin da ta ce ba wuya. Duk lokacin da ɗan sanda ya tsayar da mutum, a mota ne ko a ƙafa, sai ya cike bayani ya tura, daga baya a haɗa a kai ofishin antoni janar na jihar. Ranar da abin ya faru, lokaci, wuri, dalilin tsayarwa, an caje mutumin ko motarsa ko ba a caje ba, in an caje me aka samu, an sa masa ankwa, an nuna masa bindiga, sannan ya aka ƙare, gargaɗi ne ko takardar tara ko kamu ko kuwa an sallame shi kawai. Ba a sa sunanka ko adireshinka a ciki. Manyan rundunoni takwas irin su ta Los Anjelas da masu sintirin manyan hanyoyi suka fara a Yulin 2018, zuwa 2022 kowace runduna ta shigo.

To ga inda mutane ke rikicewa. Dokar ta hana ɗan sanda ya tambaye ka kai wane jinsi ne. Abin da idonsa ya gani zai rubuta, baƙi, fari, ɗan asalin Latin Amurka, ɗan Asiya, namiji ko mace, shekarunka a ƙiyasce. Da farko ni ma na ce wannan ai shirme ne, in ya yi kuskure fa? Amma da ka zauna ka yi tunani za ka ga hikimar, ai ba asalinka ake bincike ba, tunanin ɗan sandan ake bincike. In Bahaushe ɗan Zinder ne kai ko Bafulatani mai hasken fata, wannan bai dami dokar ba, abin da take so ta sani shi ne da ya hango ka ta gilashi me ya ɗauke ka.

Kuma dole a yi haka saboda tun 1996 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa in dai akwai laifin tuƙi ko da ƙarami ne, fitilar baya ta mutu ko ba ka sa sigina ba, to tsayarwar ba ta zama haramtaccen kame ba ko da a ransa wani abu daban yake nema. Ka ga ke nan mutum ɗaya da wuya ya iya tabbatar da an tare shi ne don fatarsa. Sai an tara miliyoyi tukuna zanen yake fitowa.

Ya kuwa fito. Akwai kwamiti da dokar ta kafa yana fitar da rahoto duk farkon shekara, kuma a alƙaluman 2022, tsayarwa sama da miliyan 4.5 daga rundunoni 535, baƙaƙe sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka tare alhali a yawan jama'ar jihar kashi 5 da ɗoriya ne kawai. Ƙungiyoyin 'yan sanda suka ce wannan lissafin bai yi ba, ba kowa ke tuƙi ba, masu wucewa daga wani gari ma ana tare su, kuma an fi jibge 'yan sanda a unguwannin da aka fi kiran su. Gaskiya suna da ɗan abin faɗa a nan. Sai dai akwai lissafin da wannan uzurin ba ya kamawa, wato na caje. Rahotannin farko sun nuna an fi caje baƙaƙe nesa ba kusa ba, amma an fi samun kayan laifi a jikin fararen da aka caje. Ma'ana kafin a caje bature sai an ga wani abu mai ƙarfi, baƙi kuwa ɗan zato ya isa.

Akwai kuma gwajin duhu, wanda ni ya fi burge ni. Ƙarfe bakwai na yamma a wani watan rana na nan tar, a wani watan kuma dare ya yi, ɗan sanda ba ya ganin fuskar direba sosai. Masu bincike a jami'ar Stanford sun duba tsayarwa kusan miliyan 100 a faɗin ƙasar suka ga kason baƙaƙe yana raguwa in duhu ya shiga.

Raunin dokar a fili yake, wanda ake sa wa ido shi ke cike fom ɗin da hannunsa, in ya ga dama ya ƙi rubutawa ko ya canza launi, sai dai a gwada da bidiyon kyamarar da ke ƙirjinsa. Kuma alƙaluman su kaɗai ba sa korar kowa daga aiki. Amma daga 1 ga Janairun 2024 an ƙara wata doka a jihar, ɗan sanda sai ya gaya maka dalilin tsayar da kai kafin ya fara yi maka tambayoyi, sai dai in yana ganin akwai haɗari ga rai ko dukiya. Ba zai leƙo ta taga ya ce ka san me ya sa na tare ka ba, shi zai faɗa, kuma abin da ya faɗa shi ma sai ya shiga cikin bayanin da zai tura.