Kaushin ƙarfe: me lambar da ke kan zane take nufi?

Masu koyon aikin injin feƙe ƙarfe a Suame Magazine, nan Kumasi, sukan tarar da wata alama a zanen aiki mai kama da makin da malami ke bugawa a takarda, da lamba a gefenta, kamar Ra 1.6. Ga abin da suka fi tambaya.

Mece ce Ra 1.6?

Duk ƙarfen da haƙorin inji ya ci yana da 'yan tudu da kwari da ido ba ya gani. Ra ita ce matsakaicin nisansu daga layin tsakiya, a maikiromita, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Aikin yau da kullum 3.2 ya wadatar. Inda ƙarfe zai zauna cif cikin wani, akan nemi 1.6. Daga 0.8 zuwa ƙasa kuwa, galibi sai an kai ga dutsen wasawa. Zanen Amurka yakan rubuta 125, 63 da 32, tsofaffin zane kuma N8, N7 da N6. Duk daidai suke da 3.2, 1.6 da 0.8 ɗin nan.

Da me ake aunawa?

Da na'ura mai tsinin lu'ulu'u, irin Mitutoyo SJ-210. A ja tsinin ya ratsa layukan da inji ya bari, kada ya bi su, in ba haka ba lambar ta yi maka ƙarya. Wanda ba shi da ita sai ya nemi farantin gwaji mai samfurin matakan kaushi daban-daban, ya karta da farce, ya karta aikinsa, ya kwatanta. Kiyasi ne, amma ya fi duba ƙyalli, don ƙarfe kan yi walƙiya alhali da kaushinsa.

Masta, ta yaya zan rage kaushi?

Rage tafiyar haƙori a kowane juyi. A lissafi, in ka raba ta biyu, kaushin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haƙori mai faffaɗan baki ma yana taimakawa. Amma in injin na karkarwa ko haƙorin ya dakushe, lissafin nan ba ya aiki.

To, ba santsi ne ya fi ba kullum?

Ina! Cikin silinda da gangan ake barin layuka masu gicciye don su riƙe mai. Ka goge su, zoben fistin ba zai zauna ba, mota ta dinga shan mai. Kuma Ra takan ɓoye karce guda mai zurfi cikin matsakaici. Shi ya sa a wurin da roba ke tare mai, wasu zane sukan ƙara Rz, wadda ke auna daga ƙololuwar tudu zuwa gindin kwari.