Ziyarar Birnin Fas: Hanya, Sanyi, Lunguna Da Abin Da Ke Cikin Tukunya

Me ya sa mutanenmu suke zuwa Fas ta ƙasar Maroko, kuma me ake gani a can?

Mafi yawansu ziyara ce take kai su. A tsohon birnin, cikin unguwar Bilida, nan zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, kuma nan kabarinsa yake. Ya rasu a 1815 bayan ya shafe shekarun ƙarshe na rayuwarsa a garin. Duk ranar Juma'a bayan la'asar zawiyar kan cika da 'yan Senegal, Mali, Nijar da Najeriya don zikiri, har za ka ji Hausa a bakin ƙofa.

Sai dai asara ce mutum ya biya kuɗin jirgi har Maroko, ya tsaya tsakanin zawiya da ɗakin kwana kawai. Tafiyar 'yan mintuna daga zawiyar akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, kuma har yau ana salla a cikinsa. Akwai makarantun Bu Inaniyya da Attarin na ƙarni na 14, da sassaƙen itace da rubutun bango irin wanda hoto ba ya ɗauko shi daidai. Akwai hubbaren Maulaya Idris na Biyu, sarkin da ake jingina wa ginin birnin. Mutanen Maroko Malikawa ne, da ruwayar Warshu suke karatu, kuma a masallatai da yawa ana zama a karanta hizbi baki ɗaya bayan asuba da bayan magariba. Wanda ya yi makarantar allo zai bi su ba tare da wahala ba.

Yaya ake isa can?

Ɗan Najeriya yana bukatar biza, kuma a Abuja ofishin jakadancin Maroko yake. A riƙe tikitin dawowa, adireshin masauki a rubuce da katin rigakafin shawara, don ana iya tambayarsu a filin jirgi.

Jirgin Royal Air Maroc yana sauka ne a filin Muhammad na Biyar da ke Kasabalanka. A ƙasan ginin filin akwai tashar jirgin ƙasa. Ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, kamar rabin awa, sannan ka canja zuwa jirgin Fas, wanda ke bi ta Rabat da Miknas cikin kusan awa 4. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne zarcewa ko sauka a wata tashar Kasabalanka. Garin yana da tashoshi fiye da ɗaya, Casa Voyageurs ce ta canji. Jirgin nan mai gudun gaske, Al Boraq, hanyar Tanja yake bi, ba ya zuwa Fas. Mai tsofaffi ko kaya da yawa ya sayi tikitin aji na ɗaya, bambancin kuɗin ba shi da yawa kuma ɗakin ya fi sarari.

Naira ba ta canjuwa a can. A tafi da dala ko yuro, a canja kaɗan a filin jirgi, sauran a cikin gari inda farashi ya fi kyau. Dirhami kuɗi ne da ba a yarda a fitar da mai yawa daga ƙasar ba, don haka a canja gwargwadon bukata, a kuma adana rasit.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 35, wani lokaci ya taɓa 40. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri. Sanyi ne yake kayar da mutanenmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare yakan sauko kusa da digiri 5, ga ruwan sama, wato sanyi ne mai laima da ke shiga ƙashi. Tsofaffin gidajen birnin an gina su ne don su riƙe sanyi a lokacin zafi: bango mai kauri, tsakar gida mai zurfi, ƙasa duk tayil. Da hunturu cikin ɗaki yakan fi waje sanyi. Kafin ka biya kuɗin masauki ka tambaya ƙarara ko akwai na'urar ɗumama ɗaki da ruwan zafi. A sa dogon wando da riga mai kama jiki a ƙarƙashin kaftani, a ɗauki safa mai kauri saboda tayil ɗin masallaci da asuba.

An ce mota ba ta shiga tsohon birni. To yaya ake yawo?

Da ƙafa. Fas al-Bali, wato tsohon birnin, lunguna ne dubbai, wasu ba su fi faɗin kafaɗun mutum biyu ba. Kaya kuwa a kan jaki, alfadari ko kurar da ake turawa da hannu. Idan ka ji an ce "balak" daga bayanka, manne da bango nan take, dabba ce tafe da kaya kuma ba ta tsayawa.

Abin da ya kamata a gane tun ranar farko shi ne birnin a cikin kwari yake. Ƙofar Bab Bu Jalud, mai shuɗin tayil ta waje da kore ta ciki, tana sama. Daga nan manyan hanyoyi biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suna gangarawa zuwa wajen Ƙarawiyyin. Saboda haka dabarar mai sauƙi ita ce a shiga ta Bu Jalud a gangara, idan an gama a fita ta dandalin Rasif da ke ƙasa, inda tasi ke tsayawa. Wanda ya juya wannan tsari zai yi ta hawan tudu da cikakken ciki. Mai tsoho ko mai ciwon gwiwa da zawiya kawai yake nufi, ya ce wa direba Rasif. Daga nan tafiyar ta fi gajarta.

Ƙananan tasi na Fas jajaye ne, mutum 3 suke ɗauka, kuma suna da mita. Ka ce a kunna ta kafin a tashi. Taswirar waya tana ruɗewa a cikin lungu saboda tsayin bango. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda ake tambaya: mai shago da ke zaune a kan kayansa zai nuna maka ya ƙyale ka, saurayin da ya biyo ka yana cewa hanyar gaba a rufe take kuwa, shago zai kai ka ya nemi lada. 'Yan rakiya na hukuma suna rataye da katin shaida, kuma masauki yana iya nemo maka ɗaya. Da Larabcin makaranta za a fahimce ka, ko da amsarsu ta Darija, wato Larabcin mutanen Maroko, za ta yi maka sauri. Faransanci ma yana aiki sosai, abin da ke sauƙaƙa wa 'yan Nijar da Kamaru. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, kada a bar sayayya sai ranar.

Me suke ci, kuma bakinmu zai karɓa?

Zai karɓa, in an san abu biyu. Abincinsu ba shi da yaji, ƙamshi suke bi: citta, kurkur, kirfa, kamun (cumin), za'afaran. Sannan suna haɗa nama da zaƙi, abin da ke ba mutanenmu mamaki. Ƙullin yaji a cikin jaka yana maganin na farko.

Da safe akwai bisara, miyar busasshen waken ful mai kauri da ake kwarara wa man zaitun a barbaɗa kamun, a ci da gurasa. Ita ce karin kumallon leburori, mai arha da riƙe ciki. Wanda likita ya taɓa gaya masa yana da ƙarancin G6PD ya guje ta, don wannan waken yana iya fasa masa jini. Akwai kuma hali'i, naman sa da aka busar aka dafa cikin kitse, ana soya shi da ƙwai. Fas ta yi suna da shi. Harira miya ce ta tumatir, wake da ɗan nama, da ita ake buɗe baki a azumi tare da dabino. Bastila kuwa ita ce alfaharin garin: naman tantabara ko kaza, ƙwai da almon a naɗe cikin ɓawon fulawa siriri, a gasa, a barbaɗa sukari da kirfa a kai. A fara da ƙarama kafin a yi odar babba.

Kuskus abincin Juma'a ne bayan saukowa daga masallaci. Turara shi ake yi kamar dambu a madambaci, sau 2 ko 3, ana saukewa a yayyafa ruwa a murje da mai, sannan a jera kabewa, karas, kabeji da nama a kai. Gidan abincin da ke sayar da shi kullum a kowace sa'a galibi na ɗumame ne. A jira na Juma'a.

In an gayyace ka gida, kwano ɗaya ake ci, da hannun dama, gurasa ce cokali. Ka ci daga gabanka, naman da ke tsakiya kuma a bar shi sai mai gida ya raba. Ruwan sha a sayi na gora, ɗanyen ganye kuma a ɗan jinkirta masa kwana biyun farko.

Mene ne tajin, kuma za a iya dafa shi a gida?

Tajin sunan tukunyar ne da kuma abin da aka dafa a cikinta. Kasko ne na ƙasa mai faɗi, da murfi mai tsini. Tururi yana hawa cikin tsinin, inda ya fi sanyi, ya koma ruwa ya gangaro kan naman. Shi ya sa ruwa kaɗan ake zubawa, wuta kuma ƙasa-ƙasa.

Ga na kaza da lemo da zaitun, na mutum 4. Kaza mai nauyin kilo 1 da rabi a yanka ta gida 8. A cuɗe ta da tafarnuwa ƙwaya 4 dakakkiya, ƙaramin cokali 1 na garin citta, 1 na kurkur, rabin cokali na masoro, ɗan za'afaran in akwai, yankakken ganyen kusbara (coriander) da man zaitun babban cokali 4. A bar ta ko awa 1 ne. A shimfiɗa manyan albasa 2 yankakku a ƙasan tukunya, a jera kazar a kai, a zuba ruwa rabin kofi ta gefe don kada ya wanke kayan ƙamshin. A rufe, a ɗora a kan kurfoti mai gawayi kaɗan. Kazar gidan gona takan nuna cikin awa 1 da kwata. Ta gida tana iya cin awa 2 ko fiye, sai a riƙa ƙara ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan. Saura minti 15 a sa zaitun cikin tafin hannu da ɓawon gishirtaccen lemo guda 1. A ƙarshe a buɗe murfin, albasar ta narke ta zama romo mai kauri.

Gishirtaccen lemon shi ne ran wannan girki, kuma sai an yi shirinsa tun wata guda kafin. A tsaga lemun tsami gida 4 ba tare da an raba shi ba, a cusa gishiri babban cokali 1 a kowanne, a danna su cikin kwalba mai tsabta har ruwansu ya rufe su. Duk wanda ya leƙo saman ruwa zai yi fumfuna.

Abin da ke ɓata tajin sananne ne. Ruwa ya yi yawa, sai a samu farfesu mara ɗanɗano, domin albasa da kaza suna fitar da nasu ruwan. Gishiri ya yi yawa, saboda an manta lemo da zaitun duk masu gishiri ne. A wanke su, kuma kada a sa gishiri sai an ɗanɗana a ƙarshe. Tukunya ta tsage, saboda an ɗora ta kai tsaye a kan harshen gas ko an zuba ruwan sanyi tana da zafi. A gas dole a sa faifan ƙarfe a tsakani. Wanda ba shi da tajin, tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa za ta yi.

Me ya kamata a sayo?

Fata ce kan gaba. Majemar Shuwara tana aiki har yau da ramukan farar ƙasa, kashin tantabara da rini, kuma daga saman shagunan dukawa ake kallonta. Za a miƙo maka ganyen na'a-na'a saboda wari. Da safe ake samun majema suna cikin aiki. Wani ɓangare na fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko jar fatar akuyar ƙasar Hausa ce da ayari ke haurawa da ita Sahara, don haka mutumin Kano ko Sakkwato yana da idon gane mai kyau. Sansana jakar: in warin ya yi ƙarfi, jimar ba ta kammala ba kuma ba zai tafi ba. Goga farin ƙyalle mai laima a jikinta ka ga ko rini yana zuba. Ciniki kamar na gida ne, farashin farko na taya ne.

Tajin na girki shi ne mara ado, mai nauyi, launin ƙasa. Masu zane kala-kala na kai abinci tebur ne, kuma wani fentin yana ɗauke da dalma, bai kamata ya hau wuta ba. A naɗe kaskon daban, murfin daban cikin tufafi, a cusa safa cikin tsinin. Idan an iso gida a jiƙa shi cikin ruwa dare ɗaya, a bar shi ya bushe sarai, a shafe cikinsa da mai, a sa a tanda mai sanyi sannan a kunna wuta kamar digiri 150 na awa 2, a kashe a bar shi ya huce a ciki kafin girkin farko.