Daga Gadar Kennedy zuwa Siyatil: waiwaye kan adawa da tsarin kasuwar duniya

In ana ba da tarihin masu adawa da tsarin tattalin arziƙin duniya, akasari daga Siyatil ake farawa. A ƙarshen Nuwamban 1999 dubban 'yan ƙwadago da ɗalibai da masu kare muhalli suka tare titunan wannan birni na Amurka, suka hana bikin buɗe taron ministocin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC, taron ya watse ba a sa hannu kan komai ba. Sai dai wanda ya yi zaman Yamai ya san maganar ta girmi Siyatil. Kusan shekara goma kafin nan, ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, 'yan makaranta a ƙarƙashin ƙungiyar USN suka taso daga jami'a za su tsallaka Gadar Kennedy, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, ɗalibai uku suka rasu. Abin da ya fito da su shi ne shirin tsuke bakin aljihu a fannin ilimi, wanda gwamnatin Janar Ali Saibou ta shirya da Bankin Duniya.

Asalin abin bashi ne. A shekarun 1970 kuɗin yuraniyom ya shigo, aka yi gine-gine a Yamai, aka ci bashi da tunanin farashin zai dore. Farkon shekarun 1980 farashin ya faɗi, fari ya biyo baya a 1984. Gwamnatin Seyni Kountché ta nufi asusun lamuni na duniya, FMI, a 1983. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ya zo da sharuɗɗa: a rage ɗaukar ma'aikata, a janye tallafi, gwamnati ta cire hannunta daga kasuwar hatsi, a cefanar da kamfanonin ƙasa. Thomas Sankara ya tsaya a taron shugabannin Afirka a Adis Ababa a Yulin 1987 ya nemi a haɗa kai a ƙi biyan bashin. Ba wanda ya bi shi, kuma cikin Oktoban shekarar aka kashe shi.

Jinin Gadar Kennedy ne ya share hanyar babban taron ƙasa na 1991. Dimokuraɗiyya ta zo, sharuɗɗan ba su tafi ba. A Janairun 1994 aka zauna a Dakar aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Mai albashi ya kwana da kuɗinsa ya tashi da rabinsu a gaban mai sayar da magani. A wannan watan ne kuma manoman Ciyafas a Meziko suka yi bore ranar da yarjejeniyar ciniki da Amurka da Kanada ta fara aiki. Daga nan cefanarwa ta kankama: masana'antar siminti ta Malbaza, sai ruwan sha da tarho a 2001, kamfanin ruwa SEEN a hannun Faransawa, na tarho SONITEL a hannun 'yan Sin da Libiya. A 2012 gwamnati ta karɓe SONITEL ta mayar hannunta.

A waje kuma gwagwarmayar ta yi suna ta yi tsari. An kafa ƙungiyar ATTAC a Faransa a 1998 don neman a sa haraji kan hada-hadar kuɗi. A Janairun 2001 aka buɗe Dandalin Jama'a na Duniya a Porto Alegre ta Burazil, kishiyar taron attajirai na Dabos, aka zo da shi Bamako a 2006 da Dakar a 2011. A taron OMC na Kankun ta Meziko a 2003, Benin da Burkina da Mali da Chadi suka kafe kan tallafin da Amurka ke ba manomanta na auduga, wanda ke karya farashi a kan manoman Afirka. Yamai ma ta karɓi Dandalin Jama'a na Afirka a Nuwamban 2008. Tarurrukan nan sun yi amfani, amma da Faransanci ake yin su, kuma talakan Bouza ko Keita bai san an yi ba.

Shekarar da ya sani ita ce 2005. A farkonta gwamnatin Tandja Mamadou, da Hama Amadou a matsayin firaminista, ta shimfiɗa harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara da sukari da garin fulawa, har da ruwa da lantarki, don cika alƙawarin ƙara kuɗin shiga da aka yi wa FMI. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago suka haɗu a ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa ƙarƙashin Nouhou Arzika. Ranar 15 ga Maris jama'a suka cika titunan Yamai, mako guda bayan nan aka yi zaman gida, kasuwanni a rufe, 'yan taksi suka ajiye motoci. Aka kama Arzika da Morou Amadou da Moustapha Kadi da Moussa Tchangari da Kassoum Issa. Cikin Afrilu gwamnati ta ja da baya a kan yawancin kayan. Ba a cika ganin irin wannan nasara ba, kuma an same ta ne don an yi maganar da harshen cefane, kowace uwar gida ta gane.

Ana wannan a birni, karkara na shiga wani hali. Fara da ƙarancin ruwan damina sun taɓa amfanin 2004, gwamnati ta ce giɓin hatsi ya kai tan 223,000. Giɓin bai isa ya jawo abin da aka gani ba. Hatsi na nan a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu. 'Yan kasuwa sun bi farashi mai tsoka zuwa Nijeriya, wasu maƙwabta sun hana fitar da nasu, buhun hatsi ya kai jika 30 a wasu kasuwanni, dabbobi kuma suka faɗi warwas, sai makiyayi ya sayar da tumaki da dama kafin ya haɗa kuɗin buhu. OPVN, hukumar tanadin hatsi ta ƙasa wadda aka kafa don irin wannan rana, an riga an rage mata ƙarfi tun zamanin gyaran tattalin arziƙi. Gwamnati da masu ba da tallafi suka zaɓi sayar da hatsi da rahusa maimakon rabawa kyauta, wai kada a ɓata kasuwa. Wanda ba ya da ko dala, rahusa ba ta yi masa komai. Sai da hotunan yaran Maraɗi da Tawa suka zagaya duniya aka soma rabon kyauta a Agusta. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar. A ganina duk wani ƙorafi da aka yi a Porto Alegre bai kai wannan ba, don nan ne aka ga an fifita ƙa'idar kasuwa a kan cikin yaro. Cikin Yulin shekarar kuwa manyan ƙasashe takwas suke Gilinigils ta Birtaniya suna shelar yafe bashin ƙasashe matalauta, har da Nijar.

Akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da bai yi wa 'yan gwagwarmaya daɗi ba. Mutanen Adar ba sa gaba da ciniki. Albasar Galmi a Abijan da Akara take samun kuɗi, karya darajar sefa ma ta taimaki masu fitar da ita da masu fitar da dabbobi, kuma gidaje da yawa a Tawa da kuɗin 'yan cirani suke ci. Ƙorafin a kan wanda ke rubuta dokar ne da wanda ke yanka farashin. Shi ya sa daga baya hankali ya koma kan ma'adinai: a 2013 da 2014 ƙungiyar ROTAB ta Ali Idrissa ta matsa a bayyana abin da ke cikin kwangilar Areva, kamfanin Faransa mai haƙar yuraniyom, ta nemi kamfanin ya bi dokar ma'adinai ta 2006.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kalmomin da ake ji a bakin 'yan farar hula sun koma bakin hukuma. An ƙwace lasisin mahaƙar yuraniyom ta Imouraren daga Orano, wato tsohon Areva, a 2024, an mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr na ƙasa a 2025, ruwan sha ya dawo hannun gwamnati. Takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa bayan juyin mulkin kuma ya nuna wa kowa abin da rufe iyaka ke yi wa farashin shinkafa da magani. Amma shirin FMI bai tsaya ba, man Agadem ta bututun kamfanin CNPC na Sin yake bi zuwa gaɓar tekun Benin, sefa na nan a maƙale da yuro. Moussa Tchangari, wanda yana cikin jagororin ɗalibai a 1990, aka ɗaure shi a 2005 da 2018, an sake kama shi a gidansa a Yamai ranar 3 ga Disamban 2024.